'Yan Layin Baya

Kun ji a rediyo cewa lakwal, wato makarantar firamare, ta gwamnati da ke bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro ta ci kashi casa'in da shida cikin ɗari, kuka tafa. Shekara uku kuna tafawa. Ba wanda ya tambaya yara nawa suka fara ajin ƙarshe, nawa suka kai ɗakin jarrabawa. Sauran kun gan su da idonku suna jan jakin ruwa, kuka kau da kai.

Ranar Litinin da sassafe direktan lakwal ɗin, Mushe Arzika, ya kai ƙara kumsariya, wurin 'yan sanda: an fasa armuwar ajiyar takardu ta biro ɗinsa, wato ofishinsa, an sace takardun haihuwar 'yan CM2, ajin ƙarshe. Laraba da azahar za a rufe karɓar dosiye, takardun rajistar jarrabawa. Yaron da ba shi da takarda ba zai zauna jarrabawa ba.

Ansifekta Zakiru Nagoggo ya tarar da kwaɗo a ƙasa, a karye.

"Nawa aka ɗauka, Mushe?"

"Goma sha bakwai cikin arba'in da takwas."

"Ɓarawo mai haƙuri. Ya zauna ya zaɓa. Na su wa?"

"Ɗiyan makiyaya. Ka san halinsu, Ansifekta, ba su zama. Wataƙila iyayen ne suka zo suka ɗebe abinsu."

Mai gadi, Baba Almu, yana zaune a gindin itacen bedi. Zakiru ya miƙa masa dosiye ɗaya. Tsohon ya riƙe ta a juye.

"Ni da boko sai gaisuwa, ranka shi daɗe."

"Jiya Lahadi ina kake, Baba?"

"Nan. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"In nan kake, kai ka fasa. Tashi mu tahi."

Almu ya kama ƙafar kujera. "Birnin Lalle na tahi, ɗiyata ta haihu. Direkta da kansa ya ce in je. Shekara tara ban taɓa samun hutu ba, sai jiya."

A ajin CM2 zafin kwano ya danne kowa. Yaran gaba suna kan tebur, goma sha bakwai suna layin baya, a kan tabarma.

"Duk ɗaya suke a wurina," in ji malamarsu, Madam Haula. "Sai dai waɗancan ba su dawowa daga arewa da dabbobi sai Disamba."

Zakiru ya karɓi kaye, littafin rubutu, na wata yarinya ta layin baya, Surayya. Ya buɗe shafi bayan shafi. Tun Janairu jan bik, alƙalamin gyaran malama, bai taɓa shi ba. Na kusa da ita ma haka.

"Wa ya ce ki daina gyara musu?"

Madam Haula ta dubi ƙofa. "Kwantiragi nake, Ansifekta. Sa hannu ɗaya ya isa a sallame ni."

A bakin ƙofar wani Buzu mai rawani yake tsaye, Hamid, uban Surayya.

"An ce mu muka ɗebe? Sau shida na zo kotu daga Bader Goula kafin a ba ni takardar nan. Bana ce ta ƙarshe ga Surayya, shekarunta sun cika. Mi zan yi da takarda a daji, in ba raƙumi ya ci?"

Zakiru ya koma biro. Bai dubi armuwar ba. Kowane direkta yana da baƙin allo a bango, inda yake rubuta yawan yaran kowane aji, maza da mata, ya sa kwanan wata a kusurwa don masu zuwa duba aiki su ga ba ya wasa. Allon Arzika tsaf yake, an ja layukan da alli mai launi.

"Rubutunka ne wannan, Mushe?"

"Ba mai taɓa allona."

"Masu zama jarrabawa: maza goma sha tara, mata goma sha biyu. Nawa ke nan?"

"Talatin da ɗaya. Bayan satar na gyara."

"Karanta mini kusurwa."

Arzika ya duba. Juma'a aka rubuta, kwana biyu kafin a karya kwaɗon. Ya cire tabarau, ya zauna.

"Ka taɓa zuwa taron ƙarshen shekara, Ansifekta? Ana kiran lakwal ɗaya bayan ɗaya. Direktan da ya faɗi ƙasa da rabi tsaye yake miƙewa gaban kowa, sannan a jefa shi ƙauyen da ba likita. Shekara goma sha ɗaya na yi a irinsa. Matata a kan amalanke ta cika, ba mu kai hanya ba."

"Sai yara su biya?"

"Suna zo mini wata uku a baya. Sau huɗu na rubuta a ba ni malami ɗaya ya rama musu. Amsar kullum: kashi nawa ka ci? Da can lallashin iyaye nake su janye su. Bana Hamid ya ƙi, sauran suka bi shi."

"Ina takardun?"

"Magaza, ɗakin ajiya, ƙarƙashin buhunan shinkafa. Alhamis zan ce an tsince su. Ban ƙona ba, wallahi ban iya ba."

Aka fito da Arzika lokacin hutun ƙarfe goma. Yara suka daina wasa. Wasu, don sabo, suka harɗe hannu suka gaishe shi da Faransanci, ya amsa kansa a ƙasa.

Madam Haula ta hau kabu-kabu da dosiye arba'in da takwas a ƙirji, ta nufi inda ake karɓarsu. Surayya za ta zauna jarrabawa da kayen da ba a gyara ba wata uku. Zakiru ya rubuta sunan mutum ɗaya a rahotonsa, don wurin suna ɗaya takardar rahoton ta tanada. Ya san akwai direktoci da dama da ke jiran taron nan na Yuli, kowa da nasa layin baya.

Gobe da safe ku je lakwal ta unguwarku, ko ba ku da ɗa a ciki. Ku shiga ajin ƙarshe, ku wuce teburan gaba, ku karɓi kayen yaron da ke jingine da bango. In ba ku ga ja a ciki ba, kada ku fita sai direkta ya faɗi dalili a gaban iyaye.