Karkatacciyar Kanta

Wata mai fassara ta ajiye kwamfutarta kan teburin Sufeton 'yan sanda.

"Yallaɓai, wani ƙaramin kamfani ya ba ni wasan labari in fassara. Irin wanda ake karantawa, zane na canzawa a baya. Komai a ɗaure yake cikin ƙunshi ɗaya, sai na kwance don in ciro rubutun."

Sufeto, wanda 'yarsa ke saita masa waya, ya gyaɗa kai kamar ya gane.

"Sai na tarar da hotunan da aka kwaikwaya aka yi zanen. Sun manta ba su goge ba. Ɗakunan mutane ne na gaske."

Ya soma dubawa. An ɗauki kowanne daga sama. A wani, mace na barci. A na gaba ya tsaya cak. Labule shuɗi, jakar makaranta, da kantar littattafai a karkace. Shi ya kafa ta da hannunsa, matarsa na yi masa dariya.

Ɗakin 'yarsa ne.

Da aka kawo mai zanen kamfanin, ya zauna gabansa yana murmushi.

"Daga kaina na zana su, Yallaɓai."

"Har da karkatacciyar kanta? Kenan a cikin kan naka ma ba a iya kafa ƙusa ba."

Ya juya masa hoton asali. Murmushin ya gudu.

"Yayana ne ke ba ni. Ya ce gidajen haya ne, babu kowa ciki."

"Me yake yi?"

"Gyaran wuta."

Sufeto ya miƙe, ya kira Saje.

A shagon mai gyaran, Saje ya fasa ƙwan fitila guda. Kyamara ta faɗo, ba ta kai ƙwayar wake ba. Mutumin ya ce ba nasa ba ne. Sai wayarsa ta yi haske kan benci, Saje ya ɗaga: ɗakuna ne jere, kai tsaye. A ɗaya, yarinya na tsefe kai.

"Ni na saka," in ji shi a hankali. "Kallo kawai nake yi."

Da ankwa ta shiga, ya dubi Sufeto da kyau.

"Kamar na san Yallaɓai."

"Ka san ni. Ni na riƙe maka tsani."

Aka tura shi mota. Sufeto ya kira gida, 'yarsa ta ɗauka.

"Uwata, fita daga ɗakin nan. Kada ki kalli sama. Ga ni nan."