Tsagar Kunnen Tumakin Steinunn

Bulalar doki ce Baffa Torfi ke zabga wa Steinunn a cikin garke, har jini ya jiƙa rigar ulunta. Wayyo marainiyar Allah! Laifinta kawai ta tarar da shi yana tsaga kunnen 'yan ragunanta da shaidarsa ta mallaka, alhali tumakin nan su kaɗai mahaifinta ya bar mata kafin teku ya cinye shi.

"Baffa, don girman Yesu ka bari... na Baba ne!"

"Rufe min baki, 'yar banza! Ubanki na ƙasan ruwa, je ki kai masa ƙara!"

Ya take mata hannu da takalmi har yatsa ya karye. Da aka kora dabbobi kan duwatsu kiwo, sai ya bi gida gida yana cewa yarinyar ta fara ɗauke-ɗauke. A coci ma, mata suka riƙa matsawa idan ta zauna. Ni dai ban taɓa ganin mugunta irin ta mutumin nan ba. Kullum Steinunn na durƙushe bayan tarin ciyawa tana kuka. "Ya Yesu, ba ni da uba, ba ni da mai shaida. Na gaji... amma ba zan sake ka ba."

Da kaka ta yi, aka gangaro da tumakin kwarinsu duka cikin babban shinge, kowa na duba kunne yana jan nasa. Steinunn ta hango wani ɗan ragonta mai baƙin goshi da shaidar Torfi a kunne, ta rungume shi. Nan take Torfi ya fizgo gashinta ya buga ta da katanga.

"Jama'a, kun gani da idonku! Ɓarauniya! A kore ta daga kwarin nan!"

Mutane suka yo kanta da ihu. Sai Fasto Eggert ya ratsa su. "Torfi, sake ta. Kunne hannun mutum ke tsaga shi. Ku saki ragon ya nuna mana uwarsa."

Aka sake shi. Ya yi kuka, ya kutsa cikin ɗaruruwan tumaki, bai tsaya ba sai ƙarƙashin wata tunkiya mai shaidar marigayi mahaifinta, ya kama nono! Aka saki na biyu mai shaidar Torfi, na uku... duk haka.

Torfi ya zaro wuƙa ya yi kan yarinyar kamar mahaukaci, amma tumakin suka firgita suka bi ta kansa, suka tattake shi cikin taɓo har ƙafarsa ta karye. A ranar dattawa suka soke shaidar tumakinsa, suka ce ya bar kwarin.

Matan da suka guje ta suka zo suna hawaye. "'Yata, ki yafe mana."

Steinunn ta durƙusa a taɓon, ta ɗaga hannu sama tana kuka. "Ashe kana ji, Yesu... ashe duk kana ji!"