Waƙar Dakan Furera

"Kada ka sake ce mini masoyiya! Wallahi ka ƙara, sai na kwaɗa maka wayar nan a goshi!"

Khaulat ce tsaye a ƙofar zauren gidansu, hijabi ya karkace, ido ya yi ja wur. Jamil kuwa ko gida bai biya ba. Daga tashar Bici ya hau acaɓa ya taho, jaka a kafaɗa, gashin nan a murɗe irin na samarin Ikko.

"Khaulat, ki saurare ni mana..."

"Na saurare ka! Ƙauyen nan kaf an saurare ka!"

An sa musu rana bayan girbi. Shi Jamil a Ikko yake, cikin wasu samari mawaƙa da ba su da kamfani, ba su da ubangida. Ɗaki ɗaya suka kama haya, suka manne bangon da kwalin ƙwai don kada ƙara ta fita. Nan suke kwana, nan suke haɗa kiɗa. Ran Lahadi su kwashi gita da lasifika su yi bakin teku, su yi wa duk wanda ya tsaya wasa. Al'adarsu kuma, duk sautin da ya burge su sai su naɗe shi su cusa cikin kiɗa, ko rugugin ruwa ne, ko ihun kwandasta. To, da yake ba a neman izinin teku, sai suka manta shi mutum ana neman nasa.

Wata rana Jamil ya yi wa Khaulat kukan kewar gida, ita kuma tausayi ya ɗebe ta, ta aika masa da saƙon murya. Waƙar da marigayiya mahaifiyarta, Furera, take yi a bakin turmi ta rera masa. Furera mace ce mai kunya irin ta da, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji sunan mijinta a bakinta. Sai dai in tana daka, daga ita sai 'yarta, takan rage murya ta ce: "Sha'aban mai ɗangalallen wando, don kai na bar garinmu."

Jamil ya ɗora wa muryar ganga da gita ya sake ta a intanet. Masu tura waƙa a kasuwar Bici suka zuba wa kowa a waya. Yanzu mahaifinta Malam Sha'aban, mutumin da ya karantar da rabin garin nan, ba ya wucewa sai yara sun raka shi da ɗangalallen wando. Ya daina fita, sai masallaci.

"Ai ban sa sunanki ba..." in ji Jamil.

"Sunan ubana fa? Shi ma ba ka sa ba?"

"Hasken raina, ba ki ga yadda ake karɓarta ba ne. A bakin teku wata Bayarabiya, ko Hausa ba ta ji, kuka ta yi!"

"Sannunta da kuka! Uwarta ce? Sirrin Inna ne, Jamil! Ta ɓoye shi har kabari, ni na ba ka don na ɗauka kai mijina ne, kai kuma ka kai shi bakin ruwa ana rawa da shi da gajeren siket!"

"Yau zan sauke ta. Na rantse."

"Ka sauke ta daga bakin yaran garin nan in ka isa!" Ta gyara hijabinta. "Ka turo kawunka a warware maganar nan. Ba zan zauna da mutumin da in na yi tari zai naɗa ba."

Jakar ta zame daga kafaɗarsa.

Sai suka ji gyaran murya daga cikin zaure. Ashe Malam yana kan buzunsa tun ɗazu.

"Ku shigo."

Jamil ya cire takalmi ya durƙusa nesa. Khaulat ta raɓe jikin bango.

"Kai, ɗan Dabo. A bakin yara kawai nake jin abin nan. Kunna mini."

"Baba, don Allah..." in ji Khaulat.

"Kunna."

Ganga ta cika zauren. Malam ya yamutsa fuska ya ɗaga hannu.

"Wannan hayaniyar fa? Ba a iya cire ta?"

Jamil ya lalubo saƙon na asali. Muryar Khaulat ta fito ita kaɗai, siririya, har da ɗan jan numfashin da uwarta take yi in ta ɗaga taɓarya.

Malam bai motsa ba har ta ƙare.

"Haka take faɗa?" ya tambayi 'yarsa, bai dube ta ba. "Da bakinta?"

"Kullum, Baba. In ka fita gona."

Ya juya fuska ga bango. Kafaɗunsa suka soma rawa.

"Duk zamanmu da ita, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Har nakan ce ko dai haƙuri kawai take yi da ni..." Ya share ido da bakin rawani. "Wandon ma ita ta ɗinka shi, ta gajarta."

Khaulat ta fashe da kuka.

Da Malam ya natsu ya dubi Jamil. "Ka yi sata, yaro. Ni na yafe rabona. Rabonta kuwa, ga ta nan."

Jamil ya juyo, har yanzu a durƙushe. "Khaulat..."

"Ban huce ba," ta ce tana jan hanci. "Kuma ba yau zan huce ba. Tashi ka ɗaukar wa Baba buzunsa. Kullum kai za ka raka shi masallaci har a yi girbi, duk yaron da ya rera, kai za ka tsaya ka amsa masa."

Ya miƙe da sauri ya naɗe buzun.

A bakin ƙofa Malam ya tsaya, ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa daga aljihu ya miƙa wa 'yarsa.

"Sa mini ita a nan. Marar gangar."