Tukwane Arba'in na Masara

Ranar da ya fara ganinta, tana tsugune a rumfa tana yayyanka saiwar masara da almakashi. Ya zo da ƙasar gonarsa a leda, fara fat kamar toka.

"Malama, an ce kina tayar da ƙasar da ta mutu."

"Ni? Ƙwayoyin naman gwari nake kiwo a saiwa, su ke jawo wa shuka ruwa da abinci," ta ce tana dariya. Shi ke nan, bawan Allah ya kamu.

Babanta kuwa bai ga abin dariya ba. Ga wani mai shagon taki na sintirin neman aurenta da mota, ga wannan mai gonar da ko ciyawa ta ƙi. Ya yanke magana: in gonar ba ta yi ba bana, babu aure.

Ta shuka masa masara a tukwane arba'in, don ƙwayoyin su yaɗu a zuba ƙasar tukwanen a gonarsa. Da suka yi wata uku ta yanke musu ruwa, ta tafi jinyar gwaggonta. Gogan ya leƙo, ya ga ganye na yaushi, hankalinsa ya tashi. Sati biyu yana jidar ruwa safe da yamma, wai zai ba ta mamaki.

Sannan ya tura mata saƙo: "Likitata, na ceto miki shukarki."

Amsa ta zo nan take: "Wayyo Manomina! Da gangan nake busar da su. Sai ƙwayar ta ji ƙishi take zuba iri. Ka kashe mu."

Saiwoyin duk sun ruɓe. Tukwane uku da ya manta a bayan ƙofa kaɗai suka tsira, ƙasarsu ma layi huɗu kawai ta isa a gonar. Damina ta wuce, gona ta tashi rawaya banda layukan nan. Kunya ta hana shi zuwa zance, ita kuwa ta rame ta lalace.

Tsohon ya sa su gaba har gonar don a rufe maganar. Ya tumɓuke kara ɗaya daga layi huɗun, ya daɗe yana kallon saiwar.

"Shekara nawa kafin duk gonar ta zama haka?"

"Biyar, Baba. Ko bakwai. Wataƙila ma ba za ta yi ba," in ji ta.

"Kuma kin yarda da yunwar?"

"Na yarda."

Ya karkaɗe hannunsa. "Sharaɗina dai bai cika ba. Amma na gaji da jin kukanki ta bango."

An ɗaura aure bayan girbi, rumbu ko rabi bai yi ba. Gwaggo ta haɗa hannayensu ta ce, "Allah ya ba ku haƙurin juna, ya raya ƙasar nan kuna da rai."

Kowa ya ce amin. Ango dai sai hawaye.