Allurar Da Tela Bai Ji Ba

"Ki haɗa kayanki, Auta! Ban aurar da ke ga ɗan ƙwaya ba!"

Baba ne tsaye a tsakiyar falon 'yarsa, ko zama ya ƙi yi. Labari ya kai masa cewa an ga mijinta, Tela, yana tangaɗi a titi da rana tsaka, ga mantuwa, ga faɗa da masu kawo ɗinki.

"Wallahi Baba ko sigari ba ya sha..."

"Rufe min baki! So ne ya rufe miki ido. Ko ya sake ki, ko ki nemi wani uban!"

Da kuka ta isa shagon mijinta. Shi ne mutumin da ya ɗinka mata kayan aurenta da hannunsa, yau ga shi ya rame, yana fama da wuyan riga ɗaya tun safe. Tana tsaye sai ta ga jini yana bin farin yadin. Allurar keken ɗinki ta huda masa yatsa, shi kuwa ko gezau.

"Innalillahi! Masoyi, hannunka!"

Ya duba, sai hawaye. "Na daɗe ba na jin yatsuna sosai, Auta. Ƙafafuna kullum kamar ana tsira min allura, in ina tafiya kamar auduga nake takawa. Harshena ma ciwo yake. Tsoro nake ji a ce na haukace."

Ranar ba gidan Baba ta nufa ba, asibiti ta ja shi. Bayan gwajin jini likita ta ce, "Bitamin B12 ne ya yi ƙaranci a jikinsa, shi ya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Akwai maganin da yake yawan sha?"

Auta ta ce, "Na olsa. Shekara da shekaru yana saye a kemis."

"To yana iya hana jiki tsotsar bitamin ɗin. Da kun ƙara jinkiri, da wata illar ba za ta gyaru ba."

Aka ɗora shi kan allurai. Auta ta sha gori da gaba daga danginta, ta haɗiye. Sannu a hankali tafiyarsa ta miƙe, ko da yake yatsan nan bai gama dawowa daidai ba.

Bayanin likita ya kai kunnen Baba. Wata safiya sai ga shi a ƙofar shago da yadi a hammata, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Ɗana... ka auna ni."

Tela ya ɗauko tef, Auta ta juya baya tana share ido. Haƙurinta ya tsare mata aurenta. Wanda aka ga yana tangaɗi, a fara kai shi gun likita kafin a yanke masa hukunci.