Tiyon Motar Hedimasta

Ƙarfe tara da rabi na safe aka bugo waya cewa mota ta kama wuta a gaban wata makarantar firamare, kuma mai ita bai fita ba. Sufeto ya miƙe da ƙyar. Shekararsa ashirin da shida a wannan aiki, saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma maganar gaskiya ya gaji da ganin gawa.

Mamacin tsohon hedimastan makarantar ne.

"Wallahi, Yallaɓai, ba mu lura da wutar ba sai da fenti ya fara tafasa," in ji mai gadin makarantar da Sufeto ya isa wurin. "Kafin mu ankara ƙofa ta ƙi buɗuwa."

Saje, wanda ke raka Sufeto ko'ina, ya nuna wata koriyar alama a murfin tanki. "An juya ta zuwa itanol, man nan da ake tatsa daga rake a sirka da fetur kaɗan. Wutarsa ba ta cika nunawa a rana ba."

Kafin tsakar rana shugaban ofis ya sa an kamo makaniken da ya yi aikin, wani da ake kira Gajere. Ya ce gobe da safe sai kotu. Sufeto dai ba ya son shari'ar da ta nuna da wuri haka, don yawanci cikinta ɗanye ne.

"Me ka canza a motar?" ya tambayi Gajere a ɗakin bincike.

"Tiyon mai, da matatar mai, da famfon mai, Yallaɓai. Itanol yana cin tsohuwar roba, dole a cire ta. Tiyon da nake sa wa yana da ragar ƙarfe, kuma da kilif nake matse shi."

"Tsofaffin fa?"

"A jaka nake zuba wa mai mota, ya tafi da abinsa."

Sufeto ya koma wurin motar, ya tura kai ƙarƙashin bonet, gwiwoyinsa suna ƙara. Ko'ina ragar ƙarfen ta tsira daga wutar, sai wuri ɗaya, dab da inji. Nan babu raga, babu kilif. Sai wata waya da aka naɗe zagaye uku, aka lanƙwashe jelarta baya, aiki tsaf kamar ɗinkin tela.

Ya ajiye wayar a gaban Gajere. Makaniken ya dube ta ya daɗe, har ya manta da ƙifta ido.

"Ni na ɗaura," ya ce.

"Ɗazu ka ce da kilif kake aiki."

"Mantuwa ce, Yallaɓai."

"Ka san shekara nawa wannan mantuwar za ta ci maka?"

Gajere ya sunkuyar da kai. Sufeto ya ga masu ƙarya don su fita ba adadi, amma mai ƙarya don ya shiga, wannan sabon ciwon kai ne, shi kuwa ba shi da sauran kan da zai ɗauka.

Sufeto ya sami matar mamacin a gida tana zaune a falo, tabaran mijin a hannunta.

"Ki yi haƙuri, Uwargida. Ina jakar tsofaffin kayan motar?"

"Tana wurin Yaya, wan maigidan. Shi ko noti ba ya bari a zubar."

"Ya taɓa motar?"

"Ta kwana biyu a gidansa makon jiya. Cewa ya yi zai saurari injin. Ai shi ya rene shi tun rasuwar mahaifinsu, har yau kallon yaro yake masa."

Wan mamacin tsohon makanike ne, shekara arba'in da gareji kafin ido ya fara gaza masa. 'Yan unguwa na kiransa Baba Injiniya. Suka same shi a tsakar gida a kan benci, kewaye da gwangwanayen kusoshi.

"Ban buɗe ta ba," ya ce. "Saurara kawai na yi. Me na sani a motocin zamani masu shan rake?"

"Jakar fa, Baba?"

"Na zubar."

Sufeto ya waiwaya. Idonsa na kan famfon tsakar gidan, inda aka ɗaure tiyon ban ruwa da waya: zagaye uku, jela a lanƙwashe. Ya yi wa Saje nuni da ɗakin ajiya. Ba a jima ba Saje ya fito da jakar, ya zazzage ta a ƙasa. A cikin tsofaffin kayan ga wani sabon tiyo fil, ragar ƙarfensa na ƙyalli.

Tsohon ya dube shi, kafaɗunsa suka sauka.

"Da na taɓa shi na ji shi da tauri, ban yarda da shi ba," ya ce a hankali. "Na ce kayan yanzu ba su da albarka. Tsohon tiyon kuwa na kamfani ne, shekara goma sha takwas bai taɓa ɗiga ba. Sai na mayar masa da shi. Ban faɗa masa ba, don zai ce na cika tsoma hannu. So nake in kare shi, ɗana. Kare shi nake yi."

"Kuma ka ji an kama Gajere, ka yi shiru."

"Na yi shiru. Tsoro na ji."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya kama hannun tsohon ya taimaka masa ya miƙe.

A ofis suka yi kiciɓis da Gajere a bakin kanta, an fito da shi bisa umarnin Sufeto ana miƙa masa bel da takalmansa. Yana ganin tsohon ya durƙusa.

"Maigida, me ya sa ka faɗa? Ai na riga na karɓa."

Sufeto ya tsaya da biro a hannu. "Ka san shi?"

"A hannunsa na koyi aiki, Yallaɓai. Shekara tara. Wannan ɗaurin ko a mafarki na gan shi na san mai shi."

Baba Injiniya ya dafa kan Gajere.

"Tashi ka je gida. Ɗaya na riga na kashe da hannuna. Ba zan ƙara da kai ba."

Aka wuce da tsohon ciki. Gajere ya zauna a ƙasa da takalmi ɗaya a ƙafa, yana kuka, ba wanda ya ce masa ya tashi.