Abin Da Ruwan Allura Ya Haska

"Kada ki taɓa ni!"

Na tsaya cak, sirinji a hannuna.

"A kira min wata. Ko duk Gusau ke kaɗai ce mai aikin ga?"

Inna Saude ce, mahaifiyar Mas'udu. Shekara biyu muna son juna ni da shi, shekara biyu tana cewa a'a. Hafsatu, ɗiyar ƙanwarta da ke Tsafe, wadda ta daɗe da sa ido a kansa, ita ta hure mata kunne cewa hasken na'urar da nake ɗaukar hoton cikin jiki da ita a asibiti yana busar da mahaifa. Wai ba zan taɓa haihuwa ba.

Yau ga Inna a gabana, an taso ta tun daga Kekun Waje ta Bungudu saboda wani ƙullutu da ya fito mata a mama. Sai na yi mata allurar ruwan da ke haska hoto kafin in ɗauka.

"Inna, ki yi haƙuri," na ce a hankali, "abokiyar aikina tana hutun haihuwa..."

Ta zuba min ido.

"Haihuwa? Ita ma aikin ga takai?"

"Shi take yi. Wannan ne na ukunta."

Hafsatu da ke tsaye bakin ƙofa ta yi caraf ta ce, "Inna, guba fa za ta ɗura miki! Dubi yawan ruwan!"

Na durƙusa gaban Inna na nuna mata takardar gwajinta.

"Ba a ka nake zubawa ba, Inna. Jiya an gwada jininki, ƙodarki lafiya lau, za ta iya fitar da shi. Ɗazu kin hau sikeli, kilo hamsin da takwas. Kowane kilo yana da rabonsa, naki ya kama mililita tamanin da bakwai. In ya gaza, hoton ba zai nuna ba. In ya wuce, na wahalar da jikinki a banza."

Ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

Na roƙi Hafsatu ta fita. Na yi bismillah, na nemi jijiya.

"Wai! Wani ɗumi nike ji har ƙafafuna... bakina kamar na tsotsi ƙarfe!"

"Haka yake yi, yanzu zai wuce. Minti biyu za mu jira ya zaga da jini."

Ban taɓa ganin minti biyu mai tsawon wannan ba. A waje ina jiyo takun Mas'udu, ya kai ya kawo.

Na ɗauki hotunan.

Likita ta shigo, ta juyo da fuskar kwamfuta inda Inna za ta gani. Hoton farko duk fari ne a cakuɗe, kamar gajimare. Na danna, na'ura ta share komai, ta bar wurin da ruwan ya taru kawai.

Ƙullutun da ya hana Inna barci wata huɗu ya fito baƙi wuluk. Bai sha ko ɗigo ba.

"Wannan ruwan jiki ne kawai a ciki, Hajiya," in ji likita, "ba shi da haɗari."

Amma can ciki, kusa da ƙashin ƙirji, wani ɗan abu yana walƙiya. Bai kai ƙwayar wake ba.

Sau ɗari na ga irin wannan, amma ban taɓa sabawa ba.

"Mi ne ne wancan?" Inna ta tambaya da raɗa.

"Ciwon daji makwaɗaicin jini ne, Inna," na ce. "Duk inda yake yana janyo jini, ruwan kuma yana bin jinin. Kin ga lambar nan? Tana nuna yawan abin da wurin ya sha. Ya sha da yawa."

Ta miƙa yatsa har ya kusa taɓa gilashin.

"Subhanallahi... cikin jikina ne wanga? Hannuna bai ji shi ba, ciwo bai yi ba... Allah mai iko! Shi ya ɓoye shi, Shi ya koya ma ɗan Adam yadda za ya gano shi."

Hawaye ya zubo mata. Ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba.

Aka ciri ɗan nama aka gwada, ya tabbata daji ne, amma bai yaɗu ba. Aka yi aiki aka cire shi. Likita ta ce da an ƙara shekara guda, da wani zancen ake yi.

Ranar da aka sallame ta Mas'udu ya tare ni a barandar asibiti, idanunsa jawur.

"Nusaiba... sanyin idona, da wane baki zan gode miki?"

"Aikina na yi."

"To ni kuma nawa aikin jira ne. Ko shekara goma ce, sahibata, zan jira."

Bai kai ga haka ba!

Bayan wata uku, wata Talata da safe, na fito kiran mai layi sai na ga benci cike da mata, su bakwai, da ƙurar hanyar Bungudu a zannuwansu. Inna ce a gaba, ta rame amma tana tafe da ƙafarta.

"Ku taso," ta ce musu, "duk sai an duba ku. Kada wadda ta ji tsoro."

Wata tsohuwa ta leƙo ni.

"Saude, wagga yarinya kin san ta?"

Inna ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"Matar ɗana ce. Jumma'a baffanninsa za su kai goro gidansu a Sabon Gari."

Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Haba ɗiyata," ta ce tana dariya, "ajiye kunyar nan sai Jumma'a. Yanzu ɗauko sikelinki, ki fara da Iya."